Yadda Ake Kwatanta Giyar Hannu ta Motar Gudu Kafin a Kashe Kuɗi: Misali da Mazda MX-5

Tambayar da aka fi yi mini a wannan harka ita ce, giya biyar ta fi ko giya shida? Mai tambayar yawanci ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa shida ta fi, don yana zaton ta shidan za ta kwantar masa da inji a doguwar tafiya. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma sai ya biya kuɗi ya ƙara wa kansa ƙara. Yawan giyoyin da aka zana a kan sandar giya ba ya gaya maka komai a kan wannan. Da biro da takarda ake ganewa, kuma lissafin bai wuce ninkawa da rabawa ba.

Zan yi misali da Mazda MX-5, ƙaramar motar nan mai kujeru biyu da ake ƙerawa a Hiroshima, wadda aka fara nunawa a Chicago a 1989. A Amurka Miata ake ce mata. Na zaɓe ta ne saboda zubinta na farko da na biyu, wato daga 1989 zuwa 2005, sun fito da giyabos iri biyu da aksul iri-iri (aksul shi ne gidan giyar baya da ke raba ƙarfi ga tayoyi biyu), kuma yawancinsu suna shiga wurin juna. Duk motar da ke ja da tayar baya, haka za ka bi ka yi mata nata lissafin.

Kayan da za ka tanada

- Takarda, biro da kalkuleta. Ta waya ta isa.
- Littafin motar, ko takardar bayanin kamfani da ke ɗauke da reshiyon kowace giya.
- Tef na awo mai tsawon aƙalla mita shida, da alli ko farin fenti.
- Jak, da ƙafar ƙarfe da ake ɗora mota a kai, da guntayen katako na tare taya.
- Waya mai manhajar GPS da ke nuna gudu.
- Mutum ɗaya da zai taya ka. Akwai wuraren da ba ya yiwuwa kai kaɗai.

1. Rubuta abin da ke damunka da motar

Layi ɗaya ya isa, amma a rubuta shi. Ƙarar inji ce ta ishe ka a babban titi? Ko motar ce take yi maka nauyi idan ka fito daga kwana? Ko kuwa filin tsere kake shiga, kana isa jan layi, wato iyakar juyin inji da aka shata da ja a agogo, kafin ƙarshen miƙaƙƙen wuri? Maganin ɗaya yakan zama ciwon ɗayan, shi ya sa wanda bai tsayar da buƙatarsa ba zai yi ta sauya kaya bai gamsu ba.

2. Tattaro lambobin

Reshiyo shi ne sau nawa inji zai juya kafin abin da yake turawa ya juya sau ɗaya. Idan aka ce giya ɗaya 3.136 ce, inji zai juya sau uku da ɗan ɗoriya kafin furofela, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya, ta juya sau ɗaya. Daga nan furofela ta shiga aksul na baya, shi ma ya sake rage juyin. Aksul mai 4.30 yana buƙatar furofela ta juya sau 4.3 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Babbar lamba tana ba da ƙarfin ja amma gudu kaɗan, ita ake kira gajeriyar giya. Ƙaramar lamba ita ce doguwa. Iyakar ilimin da kake buƙata ke nan.

Ga na MX-5:

Giyabos mai biyar: 3.136, 1.888, 1.330, 1.000, 0.814.
Giyabos mai shida, wanda ya zo da zubi na biyu: 3.760, 2.269, 1.645, 1.257, 1.000, 0.843.

Aksul kuwa, a kasuwar Amurka, masu injin 1.6 na 1990 zuwa 1993 suna da 4.30. Masu injin 1.8 na 1994 zuwa 1997 suna da 4.10. Daga 1999 mai giya biyar ta koma 4.30, mai shida kuma ta zo da 3.909, sannan a 2004 da 2005 aka sa wa mai shidan 4.10. Wasu masu giya shida da aka kai Turai da Ostireliya 3.636 gare su.

Tun nan ka dubi lambar ƙarshe ta kowane layi. Giya ta shida, 0.843, ta fi giya ta biyar ta ɗaya giyabos ɗin gajarta. Mutane da yawa ba sa lura da wannan sai bayan sun ɗaura.

Gargaɗi ga masu wasu motocin: akwai giyabos da ke da ƙarin mataki na rage juyi a cikinsa wanda ba ya cikin jerin giyoyi. Honda S2000 na da shi, 1.160 a zubin farko, 1.208 a na baya. Idan ka manta ba ka ninka da shi ba, duk lissafinka ya tashi a banza.

3. Tabbatar da abin da ke ƙarƙashin motarka

Mota mai shekara ashirin ko talatin ta bi hannu da yawa. Littafi zai gaya maka abin da ta fito da shi daga kamfani, ba abin da wani ya ɗaura mata a hanya ba. Don haka a ƙirga.

Ka faka a shimfiɗaɗɗen siminti, ka kashe inji. Tare tayoyin gaba gaba da baya da katako, ka tare tayar baya guda ɗaya ita ma. Ɗaga ɗaya tayar bayan da jak, ka sauke nauyin motar a kan ƙafar ƙarfe. Kada ka sa ko hannu ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sa giya a firi, saki birkin hannu.

Yi wa furofela alama da alli a inda za ka iya hangowa, ka yi wa tayar da ke sama alama ita ma. Abokinka ya juya tayar a hankali sau ashirin cif, kai kuma kana ƙirga sau nawa alamar furofela ta wuce. Abin da ka samu ka raba da goma. Idan ka ƙirga 43, aksul ɗinka 4.30 ne. Idan 41, 4.10. Idan 39 da ɗan ɗigo, 3.909. Idan 36 da sulusi, 3.636. Dalilin juyi ashirin maimakon goma shi ne, idan taya ɗaya tana tsaye, ɗayar tana yin zagaye biyu ne a madadin ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne juya taya sau ɗaya ko biyu a ce an gane. Bambancin 4.10 da 4.30 a juyi ɗaya bai kai rubu'in zagaye ba, ido zai yaudare ka.

Idan tayar ta ƙi juyawa ko ta yi tauri sosai, wataƙila aksul ɗin irin mai kulle tayoyi biyu ne da faranti. To sai ka ɗaga duka tayoyin bayan, ku juya su tare sau goma, ka raba abin da ka ƙirga da goma. Idan kuma aksul ɗin a ƙasa yake a buɗe, kamar a wurin mai sayar da kayan gwanjo, ai aiki ya zo da sauƙi: ƙirga haƙoran babbar giya ka raba da na ƙaramar. 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 11 shi ne 3.909, 40 da 11 shi ne 3.636.

Ba ka da jak ko wurin ɗagawa? Tsallaka zuwa mataki na tara, akwai hanyar ganewa a kan titi.

4. Auna taya

Taya ita ce giya ta ƙarshe, kuma ita aka fi mantawa. Rubutun jikinta zai ba ka girmanta. Ɗauki 185/60R14, wadda MX-5 ta farko ta fito da ita. Faɗinta milimita 185, tsayin gefenta kashi 60 cikin ɗari na faɗin, wato 111. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, 222 ke nan. Rim inci 14 ne, ka ninka da 25.4 ya ba ka 355.6. Haɗa su: 577.6. Ninka da 3.1416, ka sami kewayen taya milimita 1,815, wato mita 1.815.

Wannan na takarda ne. Na gaskiya yakan gaza shi da kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, domin taya tana ɗan lotsawa idan nauyi ya hau ta. In kana son ainihin naka, ka daidaita iska, direba ya zauna a ciki, ka ja layin alli daga gefen tayar baya ya sauka ƙasa, a tura motar tayar ta zagaya sau uku, ka sake yin alama a ƙasa, ka auna tsakani ka raba uku. A lissafin da ke tafe zan yi amfani da 1.815 don kowa ya iya bi, kuma 195/50R15 da ke kan wasu na zubi na biyu kusan girmansu ɗaya.

Idan kana da niyyar sauya rim, yanzu ne lokacin sa shi a lissafi. Wanda ya cire 185/60R14 ya sa 205/50R16 ya ƙara tsayin taya da kusan kashi shida cikin ɗari. Aksul ɗinsa na 4.30 zai riƙa aiki kamar 4.06. Sai ka ji yana cewa motar ta mutu tun da ya sa manyan rim, ana ta buɗe inji ana neman laifi.

5. Ninka kowace giya da aksul

Nan ne zuciyar aikin. Lambar giya ita kaɗai ba ta da ma'ana, ta aksul ma haka. Abin da taya ke ji shi ne ninkinsu. Ja layi ga kowane haɗi da kake tunani:

Biyar da 4.30: 13.48, 8.12, 5.72, 4.30, 3.50
Biyar da 4.10: 12.86, 7.74, 5.45, 4.10, 3.34
Biyar da 3.909: 12.26, 7.38, 5.20, 3.91, 3.18
Shida da 3.909: 14.70, 8.87, 6.43, 4.91, 3.91, 3.30
Shida da 3.636: 13.67, 8.25, 5.98, 4.57, 3.64, 3.07
Shida da 4.30: 16.17, 9.76, 7.07, 5.41, 4.30, 3.62

Kwatanta layi na biyu da na huɗu. Giyar ƙarshe ta ɗaya 3.34, ta ɗayan 3.30. Kusan babu bambanci. Abin da giyabos mai shida ya yi shi ne ya fara daga ƙasa kaɗan, ya kuma matso da giyoyin tsakiya kusa da juna. Kamar benen da aka ƙara wa matattakala ne: hawan ya yi sauƙi, amma ɗakin da za ka isa shi ne dai na da.

Don ka ga yadda lambar aksul kaɗai ke ruɗarwa, dubi MX-5 zubi na huɗu da ta fito a 2015. Aksul ɗinta 2.866 ne, wanda a ido za ka ce doguwar giya ce ta fitar hankali. Amma giyarta ta ɗaya 5.087 ce, ninkinsu 14.58, daf da 14.70 na tsohuwar. Mazda ta mayar da giya ta shida 1.000 ne, sai ta rage lambar aksul don ta daidaita.

6. Fitar da gudun kowace giya a jan layi

Ninka kewayen taya a mita da 60, ka raba da 1,000. Namu ya ba da 0.1089. Riƙe wannan lamba. Gudu a kilomita cikin awa shi ne juyin inji sau 0.1089, a raba da ninkin da ka samu a mataki na biyar. Jan layin injin 1.8 yana wajen juyi 7,000 a minti, don haka 7,000 sau 0.1089 ya ba da 762. Yanzu sai rabawa:

Biyar da 4.30: 57, 94, 133, 177, 218
Biyar da 4.10: 59, 98, 140, 186, 228
Biyar da 3.909: 62, 103, 147, 195, 240
Shida da 3.909: 52, 86, 119, 155, 195, 231
Shida da 3.636: 56, 92, 127, 167, 210, 249
Shida da 4.30: 47, 78, 108, 141, 177, 210

Kada lambobin ƙarshe su ɗauke maka hankali. Wannan mota da injinta na kamfani iska ce ke tsayar da ita a wajen kilomita 200, ba giya ba. Doguwar giya ba za ta kai ka 249 ba. Wataƙila ma ta rage maka gudun ƙarshe, don injin ba zai iya hawa inda ƙarfinsa yake ba.

Inda ya kamata ka zuba ido shi ne giya ta biyu da ta uku, don a nan motar gudu ke rayuwa. Mai son tashi daga tsaye zuwa 100, haɗi ɗaya ne a jerin nan zai kai shi ba tare da ya taɓa giya uku ba, biyar da 3.909. Mai shida da 3.909 zai canza tun a 86, kuma kowane canji lokaci ne da taya ba ta samun ƙarfi. Mai shiga filin tsere kuwa, ya rubuta gudun da yake fita da shi daga kwanonin da suka fi muhimmanci da gudun da yake kaiwa kafin birki. Idan yana fita kwana a 70 ya taka birki a 125, giya ukun biyar da 4.30 ta ɗauke shi tun daga farko har ƙarshe, mai shida da 3.909 kuwa sai ya shiga huɗu na ɗan daƙiƙu ya sake dawowa. A wani filin kuma lamarin ya juye. Shi ya sa ban yarda da wanda zai ce maka haɗi kaza ne ya fi ba tare da ya tambaye ka inda kake tuƙi ba.

Akwai abin da masu sayar da gajeren aksul ba sa son faɗa. Gaskiya ne daga 4.10 zuwa 4.30 ƙarfin ja a kowace giya ya ƙaru da kusan kashi biyar cikin ɗari, kuma za ka ji shi a jikinka. Amma ƙarfin inji bai ƙaru ko kaɗan ba. Tsakanin 94 da 98, mai 4.30 ya riga ya shiga giya uku yana ja da 5.72, mai 4.10 kuwa har yanzu yana biyu yana ja da 7.74. Abin da ka ci a wani wuri ana karɓar wani abu daga ciki a wani wurin.

7. Duba juyin inji a doguwar tafiya

Juya lissafin: gudu a raba da 0.1089, a ninka da lambar giyar ƙarshe. A kilomita 120 cikin awa:

Biyar da 4.30: wajen 3,860
Biyar da 4.10: wajen 3,680
Biyar da 3.909: wajen 3,510
Shida da 3.909: wajen 3,630
Shida da 3.636: wajen 3,380
Shida da 4.30: wajen 3,990

Dubi layin farko da na ƙarshe. Ga mutum da motarsa mai giya biyar da 4.30, ƙara ta dame shi, ya sayi giyabos mai shida ya ɗaura, ya bar aksul yadda yake. Ya biya kuɗin kaya, ya biya na aiki, injinsa ya tashi daga 3,860 zuwa kusan 4,000, giyarsa ta ɗaya kuma ta ƙare a 47. Da aksul kaɗai ya sauya zuwa 3.909, da ya sauko 3,510, kuma da kuɗi ƙasa da haka. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada a harkar, kuma minti biyar na lissafi ke hana shi.

Ba kowace giya ta shida ce haka ba. Ta Toyota 86 da tagwayenta Subaru BRZ 0.767 ce, doguwa ta gaske, har kamfanin ya samu sararin gajarta aksul na masu giyar hannu daga 4.10 zuwa 4.30 a zubin 2017. Sai an duba lamba ake sani.

8. Duba inda allurar agogon juyin inji ke faɗawa bayan canji

Wannan bai shafi aksul ko taya ba, na giyabos ne zalla. Ɗauki juyin da kake canzawa, ka ninka da lambar giyar da za ka shiga, ka raba da ta wadda za ka bari. Idan ana canzawa a 7,000:

Mai biyar: 4,210 a giya biyu, 4,930 a uku, 5,260 a huɗu, 5,700 a biyar.
Mai shida: 4,220 a biyu, 5,080 a uku, 5,350 a huɗu, 5,570 a biyar, 5,900 a shida.

Injin 1.8 yana ba da mafi girman ƙarfin murɗawarsa ne a wajen 5,000, ƙarfin dokinsa kuma ya kai ƙololuwa a wajen 6,500. Abin nema shi ne allura ta faɗa kusa da wannan yanki. Ka ga daga ɗaya zuwa biyu duk ɗaya suke, daga biyu zuwa uku bambancin 150 ne kacal. Mai shida ya ɗan fi, amma ba fin da ake kururutawa ba. Injin da aka yi wa aiki ƙarfinsa ya taru can sama, shi ne ke cin moriyar giyoyi masu kusanci sosai. Mai turbo, wanda ke da ƙarfi tun daga tsakiya, ya fi son doguwar giya da zai daɗe a ciki.

9. Gwada lissafin a titi

Kafin ka amince da takardarka, gwada ta a kan motar yadda take yanzu. Nemi miƙaƙƙen titi mara cunkoso, abokinka ya riƙe waya yana karanta GPS, kai idonka na kan hanya. Shiga giyar da ke 1.000, wato huɗu a mai biyar, biyar a mai shida, ka tsayar da allura a 3,000. Da tayar da muka auna, 4.30 zai nuna wajen 76, 4.10 wajen 80, 3.909 wajen 84, 3.636 wajen 90. Cire kashi biyu ko uku na lotsawar taya. Yi gwajin zuwa da dawowa, don agogon juyin inji na tsofaffin motoci yakan ɗan yi ƙarya. In kana da na'urar da ake soka wa mota tana karanta kwamfutarta, ta fi agogon gaskiya.

Idan ka taka totur a babbar giya ka ga allura ta tashi amma gudu bai bi ta ba, kuloci ne ke zamewa. Gyara shi tukuna, don babu haɗin giyar da zai yi aiki a bayansa.

Akwai kuma dabara ta ɗanɗana sabon haɗi ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba. Kana son jin yadda 3,510 take a kunne idan aka kwatanta da 3,860? Shiga giyarka ta ƙarshe ka riƙe kowannensu na wasu mintuna. Iskar ba za ta zama ɗaya ba, amma ƙarar inji da girgizar za su gaya maka ko bambancin ya kai a biya masa kuɗi. Wasu daga nan suke fasawa.

10. Zaɓi, sannan ka lissafa abin da zaɓin zai jawo

Ga ra'ayina a kan MX-5 mai injin kamfani. In yawon kwana-kwana kake so da ɗan shiga gari, bar ta da giya biyar da 4.30 ko 4.10, giyabos ɗin nan yana da daɗin shiga fiye da mai shidan, kuma daɗin hannu yana cikin abin da ake sayen irin wannan mota dominsa. In doguwar tafiya ta fi yawa, biyar da 3.909. In kuma dole sai shida, to a haɗa ta da 3.636, don layinta a mataki na biyar ya nuna giya ɗaya da biyu kusan irin na biyar da 4.30, ga kuma ta ƙarshe mai kwantar da inji. Masu sa turbo sukan koma mai shida ne saboda ya fi jure ƙarfi, wannan kuma dalili ne mai kyau da bai shafi lissafin gudu ba.

Kafin ka biya, ka san waɗannan.

Aksul na masu injin 1.6 na farko ƙarami ne, babbar giyarsa inci shida, na 1994 zuwa sama kuma inci bakwai. Haƙoran ɗaya ba sa shiga gidan ɗaya. Mai son komawa babban sai ya haɗa da furofela da sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyi na 1.8. Sa su a kasafi tun farko.

Sauya aksul ɗungurungum ya fi sauya haƙoran cikinsa sauƙi da aminci. Haɗa babbar giya da ƙaramar aiki ne na agogon awo da shafa fenti a haƙori a ga inda suke haɗuwa. Idan bakanike ya ce zai daidaita da ido da jin hannu, ɗauki kayanka ka yi gaba. Wanda aka haɗa ba daidai ba zai riƙa kuka a gudu, daga baya ya cinye kansa.

Giyabos na gwanjo kuwa, kada ka saya sai ka gwada shi a ƙasa. Sa kowace giya, ka juya sandar gaba da hannu kana ƙirga juyin ta baya. Giya ɗaya ta mai shida za ta ci juyi uku da rubu'i uku kafin baya ya zagaya sau ɗaya. Kwance notin zubar da mai ka duba maganaɗisun da ke kansa. Baƙin laushi mai kama da kwalli da ke gogewa a yatsa ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da kake ji yana sukar yatsa, ko mai da ya fito da ruwan zinariya, alamar haƙori ko zoben tagulla mai daidaita shigar giya ne ke ci.

Maleji zai yi ƙarya bayan sauya aksul, domin a waɗannan motoci daga jikin giyabos yake karatu. Daga 4.10 zuwa 4.30 zai nuna fiye da gudunka da kusan kashi biyar cikin ɗari. Daga 4.10 zuwa 3.909 zai nuna ƙasa da gudunka da kusan haka, wannan kuwa ya fi haɗari, don kana 105 yana ce maka 100. Ana gyara shi da sauya 'yar giyar maleji da ke jikin giyabos zuwa wadda ta dace da sabon aksul. Zubin farko da waya mai juyawa yake aiki, na biyu da na'urar lantarki, don haka mai ɗaura giyabos na zubi na biyu a motar farko sai ya mayar da irin nasa. In ba a samu ba, auna bambancin da GPS a 50, 80 da 100, ka rubuta a ɗan tef ka manna kusa da agogon.

Mai kuma kada a haɗa musu iri ɗaya da ka. Aksul yana son man giya nau'in GL-5, giyabos kuwa na fi zuba masa GL-4 mai kaurin 75W-90 saboda zoben tagullar da ke cikinsa. Idan sababbin haƙora aka sa a aksul, yi tafiya a hankali ta 'yan ɗaruruwan kilomita, ba tashi da ƙarfi, ba doguwar tafiya a gudu ɗaya, sannan ka zubar da man farko, ka sake duba maganaɗisun kafin ka zuba sabo.